HALIN ƊAN WASA NA ƘWARAI

  

Yau hirarmu a kan ɗan wasa take. Ɗan kokowa, ɗan dambe, mai gudu, mai buga ƙwallo, duk su muke nufi. Tambayarmu guda ce. Mi ke sa a ce wane ɗan wasa ne na ƙwarai?

In kaka ta yi, an yanke hatsi, an zuba damma a rumbu, sai ganga ta tashi. Samari su ɗaura walki su fito fili. Wannan gari ya gayyaci wancan. Tun kakanninmu haka ake yi. Wanda ya yi kaye a ɗaga shi sama, mata su yi guɗa, a liƙa masa kuɗi a goshi. Yaro ƙarami yana tsaye yana kallo, yana cewa a ransa: "Ni ma wata rana."

Abin da yaron nan ya gani bai wuce minti 5 ko 10 ba. Bai ga watannin da suka gabaci wannan rana ba. Bai ga gudun asuba ba. Bai ga gumin da aka zubar ba kowa kusa ba. To, a kan waɗannan watanni za mu yi magana, don can ake yin ɗan wasa. Fili wurin nuna shi ne kawai.

TAKOBI ƊAYA, MUTUM 80

Mu fara da abin da kowa ya sani. A 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Yakuba Ango, wanda ake ce ma Kantu, na jahar Maraɗi, shi ya fara ɗaukar takobi. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jahohi.

Nijar tana da jaha 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jaha tana aiko da ƴan kokowa 10. Ku lissafa da mu: 10 sau 8, 80 ke nan. Takobi kuwa ɗaya ne. Mutum ɗaya zai hau doki da rawani. Sauran 79 za su koma gida ba takobi.

To, waɗannan 79 ɗin, aikin banza suka yi? Ko kusa. A cikinsu akwai wanda aka kada, amma garinsu ya tarbe shi da ganga. Akwai kuma wanda ya yi kaye da yawa, amma ba mai son jin sunansa, saboda halinsa. Ashe takobi shi kaɗai ba ya auna ɗan wasa. Akwai wani ma'auni. Shi za mu duba ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: HAƘURI

Ku saurari labarin Isaka Dabore. Ɗan dambe ne, damben zamani, wanda ake sa safa mai kauri a hannu biyu.

Akwai wasanni da ake kira Olampik. Duk shekara 4 ƙasashen duniya suna taruwa a birni guda, kowace da gwanayenta. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi lambar zinariya, na biyu azurfa, na uku tagulla.

A 1964 an yi su a Tokiyo, ƙasar Japan. Lokacin Nijar shekararta 4 da samun ƴancin kai. Ɗan wasa ɗaya tak ta aika, shi ne Isaka Dabore. Ya yi ƙoƙari ya yi nisa. Karawa ɗaya ta rage tsakaninsa da lamba, aka rinjaye shi. Ya komo gida ba lamba.

A 1968 ya tafi Meksiko. Nan ma ya komo ba lamba. Da wani ne, da ya ce ya isa haka, ya rataye safa. Shi bai rataye ba. A 1972 ya tafi Munik, ƙasar Jamus, ya riga ya haura shekara 30. A nan ya samu lambar tagulla. Ita ce lambar Olampik ta farko a tarihin Nijar.

Daga 1964 zuwa 1972 shekara 8 ke nan. Yaron da aka haifa ranar tafiyarsa ta farko ya isa kiwon awaki kafin lambar ta zo. Isaka Dabore ya rasu a watan Disamba na 2021, amma sunansa yana nan.

Bayan shi, sai da Nijar ta jira shekara 44. A 2016, a birnin Riyo na ƙasar Birazil, Abdul Razak Isufu Alfaga ya samo lambar azurfa. Wasansa taikwando ne, wasan mutanen Koriya, wanda ake kai bugu da ƙafa. Ya kai karawar ƙarshe, wani ɗan ƙasar Azarbaijan ya rinjaye shi. Ya koma horo. Shekara na zagayowa, a 2017, ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu.

Samari, kun ji. Mai son takobi cikin kaka ɗaya, ya tuna da mutanen nan biyu.

NA BIYU: HORO NA KULLUM

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kwanta wata 11, ya tashi saura mako 2 ya ce zai yi horo, kansa ya cuta. Jiki ba ya karɓar ƙarfi a gaggauce. Kaɗan-kaɗan yake karɓa, kamar yadda gona ke shan ruwan sama. In aka zuba mata da yawa lokaci guda, zaizayewa take yi.

Ga yadda masu horo ke koyarwa:

Kafin a fara aiki mai ƙarfi, a ɗumama jiki minti 10 ko 15, da sassarfa da miƙe gaɓoɓi. Jijiya mai sanyi ita ke saurin tsinkewa.

A ƙara nauyin horo sannu-sannu. Wanda ke gudun kilomita 3 kada ya wayi gari ya ce sai 10.

Lokacin bazara, a yi horo da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ranar tsaka ta watan Afirilu ba abokiyar kowa ba ce.

A ware rana guda a mako don hutu. Ku sani, lokacin hutu ne tsoka ke gyara kanta ta ƙara ƙarfi.

A maimaita dabara har ta zauna a jiki. Kamun da aka gwada sau 5 yana kuɓucewa ranar taro. Wanda aka gwada kullum, hannu da kansa ke zuwa wurin.

Kuma a ji maganar mai horo. Yana ganin abin da kai ba ka gani. Ido ba ya ganin ƙeyarsa. In ya ce ƙafarka ta hagu tana buɗewa, kada ka ce ai kai ka kada wane jiya. Gyara ƙafar.

Wani zai ce: "To, layu fa?" Mun san ƴan kokowa suna shiga fili da layu da guraye. Al'adarmu ce, ba mu zo raina ta ba. Amma ku duba da kyau. Wannan yana da layu, wancan yana da layu. Duk da haka ɗaya ke kai ƙasa. Sau da yawa wanda numfashinsa ya fara ƙarewa ne. Numfashi kuwa gudun asuba ke ba da shi.

NA UKU: KIYAYE JIKI

Manomi yana da hauya, maƙeri yana da uwar maƙera. Ɗan wasa jikinsa ne kayan aikinsa. In ya lalace, ba kasuwar da ake sayo wani.

Abinci. Ba sai mai tsada ba. Gero da dawa suna ba da ƙarfin aiki. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi da nama suna gina tsoka. Zogala da sauran ganye suna ƙara lafiya. A haɗa su. Tuwo shi kaɗai bai isa ba.

Akwai wasannin da ake raba mutane bisa nauyi. Isaka Dabore a Munik ya yi dambe a rukunin da ba a wuce kilo 63 da rabi. Ana hawa sikeli kafin karawa. Wanda ya wuce, ba ya wasa. Kun ga ke nan har cin abinci yana da ƙa'ida.

Ruwa. A sha kafin horo, a sha bayan horo. Ga alama mai sauƙi: in fitsari ya yi ja, kuma ya yi kaɗan, jiki yana neman ruwa.

Barci. Awa 8 a dare. Wanda ya raba dare wajen shayi da hira, ƙafafunsa za su tona masa asiri da safe.

Rauni. Ɓoye rauni ba jarumta ba ce. In gwiwa ta kumbura, a huta, a je likita. In an bugu a kai, mutum ya ji jiri, ko amai, ko ya manta abin da ya faru, kada ya koma fili ranar nan, ko da ya ce ya warke. A kai shi likita. Bugu na biyu a kan na farko yana iya kashewa.

NA HUƊU: GASKIYA

Yanzu mun zo kan magana mai nauyi, maganar ƙwaya.

Ana sayar da wata ƙwaya a kasuwanni da bakin tasha, ana ce mata taramol, sunanta na likita tramadol. Maganin ciwo mai tsanani ne, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Wasu samari suna sha don kada su ji gajiya. Ku saurara da kyau. Ƙwayar nan ba ta ƙara ƙarfi. Jin zafi take kashewa. Zafi kuwa shi ne mai gadin jiki, shi ke cewa "tsaya, wani abu ya lalace." In aka rufe bakin mai gadi, ɓarawo ya samu hanya. Mutum ya yi ta kokowa da jijiya tsinkakkiya bai sani ba.

Bayan haka jiki yana sabawa da ita. Guda ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. In ta yi yawa tana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, tana iya tsai da numfashi. Tun ranar 1 ga Janairu 2024, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta ta lokacin gasa.

Ko da ba a kama mutum ba, nasarar ƙwaya sata ce. Ya sace gumin abokin karawarsa. In kuwa aka kama shi, kunyar ta fi ta faɗuwa. Ga misali. A wasannin Olampik na 1988, a birnin Seul na Koriya ta Kudu, Ben Jonson na ƙasar Kanada ya ci tseren mita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Duniya duka ta yi mamaki. Da aka gwada fitsarinsa, aka samu maganin ƙara tsoka da aka hana. Cikin kwana 3 aka karɓe zinariyar, aka ba Kal Luwis na Amurka. Yau in an ambaci Ben Jonson, ƙwayar ake tunawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Gaskiya ba ta tsaya ga ƙwaya kaɗai ba. Rage shekaru don a shiga gasar yara, ƙarya ce. Karɓar kuɗi don a faɗi da gangan, cin amana ne. Tsone ido, murɗe yatsa, cizo in alƙali bai gani ba, duk wannan ba dabara ba ce, mugunta ce.

NA BIYAR: IYA FAƊUWA DA IYA NASARA

Gaba da gabanta. Ba ɗan wasan da ba a taɓa rinjaya ba. Alfaga da kansa, zakaran duniya na 2017, ya je Olampik na Tokiyo a 2021 ya komo ba lamba. Wannan bai goge abin da ya yi ba.

Yaya ɗan wasa na ƙwarai ke faɗuwa? Ya tashi, ya kaɗe ƙasa, ya ba abokin karawarsa hannu. Ba ya zagin alƙali. Ba ya cewa asiri aka yi masa. Ba ya tunzura mutanen garinsu su yi jifa. In dare ya yi, ya zauna da mai horo, su duba ina aka kama shi, mi ya sa ƙafarsa ta tashi. Faɗuwar da aka koyi wani abu a cikinta ba asara ba ce.

Yaya kuma yake nasara? Kirari al'ada ne, yana ƙara wa taro armashi. A yi shi kafin kamu. Amma in abokinka ya kai ƙasa, kirari ya ƙare. Ka miƙa hannu ka tashe shi. Kada ka tsallake shi, kada ka yi masa gwalo. Ka tuna, ba don shi ba, da wa za ka kama? Abokin karawa mai ƙarfi shi ke sa nasararka ta yi daraja.

Kuma ɗaukar takobi ya fi riƙe shi sauƙi. Da ka zama sarki, mutum 79 kai suke kallo. Kowa yana nazarin kamunka. Kadri Abdu na jahar Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas, a ƙarshen 2023. Ku tambayi kanku: wanda ya kwanta yana cin daɗin takobin farko, zai ga na biyu?

NA SHIDA: BA KAI KAƊAI BA NE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan kowane zakara akwai mutane da yawa: uwar da ta dama masa fura, mai horon da ya tashe shi da asuba, abokan da ya yi ta kayarwa wajen gwaji, makaɗin da ya zuga shi. Ɗan wasa na ƙwarai ba ya manta da su ranar rabon kyauta.

A wasan ƙwallo abin ya fi fitowa fili. Mutum 11 ne. Wanda ya riƙe ƙwallo don a tafa masa, alhali abokinsa ya fi shi kusa da raga, ya cuci ƙungiya. Wanda ke zuwa horo a makare, ya ɓata wa mutum 10 lokaci.

Sannan sunan da kake ɗauke da shi ba naka ba ne kai kaɗai. A filin ƙauye sunan gidanku ne. A gasar takobi sunan jaharku ne. A waje tutar ƙasa ce. Yara suna kallonka. In ka sha sigari, za su sha. In ka gaida dattawa, za su gaida. Ko kana so ko ba ka so, kai malaminsu ne.

NA BAKWAI: TUNA DA GOBE

Ƙarfi baƙo ne. Yana zuwa, yana tafiya. Yawancin ƴan wasa kafin su kai shekara 40 sun bar fili. Rayuwa kuwa tana ci gaba, iyali suna nan, baki yana neman abinci.

Saboda haka, ɗan wasa mai hankali ba ya sakin gonarsa ko sana'arsa. In ya samu kyauta, ba ya ƙarar da ita wajen maroƙa da yawon gari. Ya sayi tumaki, ya gyara gida, ya ajiye wani abu. In ɗan lakkwal ne, kada ya bar karatu saboda ƙwallo. Ƙafa tana karyewa cikin daƙiƙa ɗaya.

In lokacin barin fili ya yi, ya bari da mutuncinsa. Ya tara yaran unguwa ya koya masu abin da ya sani. Dabarar da aka tafi da ita kabari ta mutu.

MU KUMA FA?

Mun faɗi abin da ake jira daga ɗan wasa. To, shi ma yana da abin da yake jira daga gare mu.

Iyaye, in yaronku yana son wasa, ku duba da wa yake horo, ku duba mi yake sha. Kada ku kore shi, kada kuma ku sake shi. In an kada shi, kada ku tarbe shi da gori. Sau da yawa tsoron gori ne ke kai yaro wurin mai ƙwaya.

Ƴan mata ma suna da rabonsu. A Tokiyo, a 2021, wata ƴar Nijar, Tekiyat Ben Yusuf, ta kai karawar neman lambar tagulla a taikwando. In ɗiyarku tana da gudu ko tana da ƙarfi, ku taimake ta, ku nema mata wurin horo mai mutunci.

Ƴan kallo, ku zuga naku, amma kada ku zagi baƙo. Bana shi ya zo garinku, baɗi naku zai je garinsu. In baƙo ya yi kaye mai kyau, ku tafa masa. Kuma wanda kuke ɗagawa sama yau, kada ku juya masa baya ranar da ya tsufa.

MU TUNA

Ɗan wasa na ƙwarai mai haƙuri ne. Yana horo ko ba mai kallo. Yana kiyaye jikinsa. Ba ya shan ƙwaya, ba ya maguɗi. Ya iya faɗuwa, ya iya nasara. Ya san ba shi kaɗai ba ne. Yana tuna gobe. Mai wannan hali, ko yana cikin 79 ɗin da suka koma gida ba takobi, garinsu bai yi asara ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Sau nawa Isaka Dabore ya je wasannin Olampik? A wace shekara ya samu lamba?
2. Ƴan kokowa nawa ke shiga gasar takobi? Yaya aka samu wannan lissafi?
3. Mi ya sa aka ce zafi mai gadin jiki ne?
4. A garinku, yaya ake tarbar ɗan kokowar da aka kada? Akwai abin da ya kamata a gyara?
5. Tsofaffin ƴan wasan garinku, mi suke yi yanzu? Wa ke koya wa yara?

Ku zauna ku tattauna tsakaninku. In akwai tsohon ɗan kokowa ko ɗan dambe kusa, ku gayyato shi ya faɗi abin da ya gani da idonsa.